Tsagar Ƙaho a Kwiɓin Yaya Ilu

Nafisa ce ta tono wannan magana, ita da wayarta da ba ta barin hannunta ko wajen cin tuwo. Da ta zo hutun Sallah ta zauna kusa da ni a zaure, ta ce in duba abin da suke yi a can wurin karatunta. Na ga likitoci sun kewaye majinyaci, ga allo a gabansu, na'ura ta ɗauko hoton ƙodar mutumin da aka yi tun kafin ranar aiki ta ɗora shi a kan ƙodar da suke taɓawa, har jijiyoyin jini an shafa musu launi. Ta ce duk wahalarsu guda ce: hoton da naman ba sa haɗuwa daidai. An ɗauki hoto mutum yana rigingine, an zo aiki an juya shi a kan kwiɓi, ga shi yana numfashi, ƙoda ta gusa, na'ura kuwa tana nuna inda take jiya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, don wannan wahala na san ta tun ita tana bayan uwarta. Sai ta ce:

"Baba, ai da ka tahi Faransa lokacin nan, da yanzu kai ke koya musu. Baba Ilu dai ya cuce mu da taurin kainai."

Na mayar mata da wayarta na bar maganar sai yau, don kun san ni, in na yi magana cikin fushi sai na wuce gona da iri. Amma ba ita kaɗai ba ce, na sha jin ƙanshin wannan zance a bakinku duka, kowa da irin tasa kwana. Mutumin yana kabari, ba zai kare kansa ba, ko da yana raye ma ba zai yi ba. To ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya riƙe wuƙar.

Babanku Ilu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma a wurina uba ne. Mahaifinmu ya rasu a Tsibiri ina ɗan ƙarami, shi ya ɗauke ni. Zamanin da ake ɓoye yara cikin rumbu in masu rubuta 'yan lakwal, wato makarantar boko, sun shigo gari, shi da ƙafarsa ya kai ni, ya ce wa malamin ga shi nan, ya fiye tambaya, ku ji da shi. Da aka raba gonakin rani a Jiratawa ya samu nasa, ya koma can yana noman alkama da albasa da zogale, da su ya yi mini sutura har na zama abin da na zama. Ina can ƙasar waje ina koyon fiɗa dutse ya fito masa a ƙodar hagu. Aka tsallaka iyaka da shi zuwa wani asibiti. Suna da hoto mai kyau, dutsen ya fito ɓaro-ɓaro, amma da suka buɗe sai suka neme shi suka rasa. Suka tsaga nan, suka tsaga can, jini ya ƙi tsayawa, dole suka cire ƙodar gaba ɗaya don su tsira da ransa. Ban taɓa zagin likitan nan ba, na san irin zufar da ta keto masa. Haka Yaya ya dawo gida da ƙoda guda, ya ci gaba da tsayuwa cikin rana kamar mai uku.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda shugaban ƙasa da firaminista ba sa ga maciji da juna. An ce mana dimokuraɗiyya ta zo, mun yi murna, mun yi zaɓe, sai ga shi kowane mahayi yana jan linzami ta nasa ɓangaren, mu kuwa muna tsakiya. Albashi ya zama baƙon da ba ya faɗin ranar zuwansa, yajin aiki yau, yajin aiki gobe. Tun da aka karya darajar kuɗinmu duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi, fim ɗin radiyo, wato wanda ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi, ya fi nama wuyar gani a asibitinmu. Baturen da muke fiɗa tare ya tattara ya koma garinsu, aka bar ni ni kaɗai. Cikin wannan hali ne aka ba ni bursu, wato gurbin karatu kyauta, zuwa Faransa, in koyo sabuwar hanyar ciro dutsen ƙoda ta ɗan ƙaramin rami, likita yana kallon allo yana bin hanya. Na daɗe ina neman wannan dama. Uwarku ta shiga kasuwa ta sayo mini wata ƙatuwar rigar sanyi wurin 'yan gwanjo, kakanku Alhaji kuwa, mahaifinta, babu shagon da bai sanar ba daga unguwarmu ta Zariya har babbar kasuwa cewa surukinsa zai hau jirgi.

Ana saura 'yan makwanni in tashi aka kawo Yaya Ilu daga Jiratawa a bayan motar albasa. Jikinsa zafi zau, idanu sun faɗa, fitsari sai ɗigo. Na ɗaga rigarsa na ga kwiɓin dama duk tsagar ƙaho, tsofaffi da sababbi, aikin wani wanzami abokinsa na Tsibiri da yake kira duk lokacin da ciwon ya motsa. Raina ya ɓaci na ce:

"Yaya, ƙaho kuma? Ƙanenka na likita kana kai jikinka ga mai aska?"

Yana nishi, amma bai fasa halinsa ba:

"Kai ma ai mai aska ne, Salu. Taka dai ta hi tsada."

Hoton da muka ɗauka ya nuna abin da nake tsoro. Dutse ne ya zauna can cikin naman ƙodar da ta rage masa, ta ƙasa, ya miƙo ƙaho guda ya kusa toshe hanyar fitsari. Ba a taɓa shi sai zazzaɓi ya sauka, bayan aiki kuma sai an yi makwanni ana tsaron ƙodar, don ba ta da mataimakiya. In ta tsaya, babu injin wankin jini da za mu kai gare shi da rai. Na auna wannan da ranar tafiyata, na juya ta kowace fuska, ba su shiga tukunya ɗaya ba.

Alhaji ne ya fara zuwa, da babbar rigarsa da direbansa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne:

"Ga mota, ga mai, a kai shi Kano, ni ka ɗaukar komi. Likita ba ya yankan jininai, hannu na rawa. Kai kuma ka tahi inda Allah ya buɗe maka."

Na kai wa Yaya maganar Kano, ban ce masa komai game da jirgi ba. Ya san dai ana zancen wata tafiya, bai san an sa rana ba. Ya juya fuskarsa bango ya ce:

"Ƙetaren iyaka anka ɗauke min guda, ba ni kai musu ta biyu. In kwana ya ƙare, shi ƙare hannun wanda na goya."

Wannan ne taurin kan da kuke faɗa. To ku sani, kalma ɗaya ce tsakaninsa da motar Alhaji. Da na ce masa, Yaya, zamanka nan zai hana ni karatu, wallahi da rarrafe zai shiga motar, ko da ya san a hanya zai cika. Na san shi. Shi ya sa ban faɗa ba, na kuma hana kowa faɗa. Ba jin tsoronsa kawai na duba ba. Na duba ramukan hanya, na duba hoto irin na wancan karo da za a sake ɗauka a can, a sake buɗe shi a kansa. Na buga waya Yamai na roƙi a ɗaga mini tafiyar zuwa bayan azumi, suka ce ba komai, gurbin yana nan.

Uwarku ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Ta ce a ƙasar da ba a san wanda zai kwana kan mulki ba, ba a ce wa arziki dawo gobe. Ta yi kwanaki ba ta ce mini uffan, sai dai in tarar da abinci a rufe. Amma kullum da hantsi za ka gan ta ta nufi asibiti da kunun Yaya a kwano.

Ni kuwa abin da ya hana ni sakat shi ne yadda zan sami dutsen da tsaga ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu, cikin ƙoda kuwa ya fi su duka. Ƙodar ta kumbura, yatsa ba zai ji dutse ta waje ba, kuma duk tsagar da ba ta dace ba jini ce da ba ni da abin mayarwa. Na je ɗakin radiyo na zauna da Madam Rabi, wadda ke ɗaukar mana hotuna, muka shimfiɗa fim ɗin a taga. Hoton bai yi ƙarya ba. Amma an ɗauke shi Yaya yana rigingine, ya cika ƙirji da iska kamar yadda ake ce wa kowa, ja numfashi ka riƙe. A kan teburin aiki kuwa zai kwanta ne ta hagu, a cusa masa matashi a ƙarƙashi don haƙarƙari ya buɗe, wani kuma yana hura masa iska da jaka. Ƙoda ba a kafe take ba, tana sauka tana hawa da numfashi kamar guga a rijiya. Muka yanke cewa a ɗauki sabon hoto yana kwance daidai yadda zan yanka shi, ta gaba da ta sama, don in san nisa in san zurfi, kuma a ɗauka lokacin da ƙirjin ya fanko, don a nan ne mai ba da maganin barci zai iya tsayar mini da shi.

Sai matashi. A ɗakin aiki zanen gado muke naɗewa, yau ya yi tudu, gobe ya lotsa. In na ɗakin hoto da na ɗakin aiki suka bambanta, mun koma gidan jiya. Na ambaci wannan a gida ina magana da kaina, ashe ana ji. Washegari na tarar da wani dogon matashi a bakin ƙofa, an ɗinke shi da ƙyallen katifa, an ɗura masa yashin Gulbi da aka wanke aka shanya, tauri kamar icce. Uwarku tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Wanga ba ya lotsawa. In ka gama da shi ka maido min ƙyallena."

Daga ranar aka ci gaba da magana a gidan.

Saura alama. Ina bukatar wani abu a fatarsa da zai fito a hoto, kuma in same shi a wurin ranar aiki. In na zana da biro, sabulu da maganin da muke wanke fata da shi za su share. In na liƙa ƙarfe, dole a cire kafin a fara. Ina tsaye a kansa ina wannan tunani, ya yaye riga don Madam Rabi ta gyara masa kwanciya, sai idona ya sauka kan tsagar nan da na yi masa faɗa a kanta. Ga su nan a jere a kwiɓi, tsofaffin sun yi baƙi, kowane gurbin ƙaho da siffarsa, babu sabulun da zai taɓa su. Na fita bakin asibiti wurin mai gyaran keke na karɓo 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin cibiyar ƙafar keke. Muka zaɓi tsofaffin tsaga uku da suka kewaye wurin, muka liƙa ƙwallo ɗaya a kan kowace da filasta. Yaya yana kallonmu ta wutsiyar ido, ya gane sarai.

"Ashe tsagar da kaz zage ni kanta ita ka aiki yau?"

"Yi shiru, Yaya. Hidda numfashi duka, ka tsaya."

"A gaya ma wanzamin Tsibiri shi zo shi amshi rabonai."

Madam Rabi ta ɗaga hannu daga maɓalli ta ce masa, Malam Ilu, fim ɗin da ya rage mini ba ya ɗaukar kuskure, babba ɗaya na raba biyu saboda kai, in ka sake buɗe baki sai dai mu zana ƙodar da gawayi. Nan ya fidda numfashi ya tsaya. Da hotunan suka bushe muka ɗora su kusa da na farko, sai da gabana ya faɗi. Dutsen ya haura sama ya karkata gaba, ya bar inda tsohon hoto ya nuna shi da abin da ya fi faɗin yatsu biyu. A jikin ƙoda wannan tafiya ce mai nisa. A ranar na fahimci abin da ya sami likitan can na ƙetare, na ji tausayinsa ya kama ni.

Da zazzaɓi ya sauka muka shiga da shi da safe. Majo Garba, tsohon ma'aikacin da ke ba da maganin barci, ya kwantar da shi a kan matashin yashi, muka gyara kafaɗa da gwiwa har suka zo yadda suke a ɗakin hoto. Aka rufe shi da zane, na ce a bar mini tsagar nan uku a fili. Gaskiyar Alhaji ce, yankan jininka ba wasa ba ne. Na tsaya na yi bisimilla, na ce wa kaina wannan kwiɓin wani manomi ne daga Jiratawa, ban san shi ba. Na buɗe. A ka'ida sai a ɗago ƙodar daga mazauninta a riƙe a hannu, amma in na yi haka duk awonmu ya tashi a banza, don haka na bar ta kwance inda take. Na ja zare daga tsaga zuwa tsaga, na auna da ma'aunin ƙarfe yadda muka auna a hoto, na saka siririyar allura a naman ƙodar.

Ta shige sulum, babu abin da ta taɓa.

Ban san zan iya jin sanyi da zufa lokaci ɗaya ba sai ranar. A zuci na ga ƙodar hagu da ban taɓa gani ba, na ga kaina ina fita in gaya wa matarsa. Ina shirin matsar da allurar gefe, wato in fara laluben da ya cinye ta farko, sai Majo Garba ya yi magana a hankali ta bayan zane:

"Likita, ba ka ce in tsaida ba. Ƙirjin cike ya ke."

Tsoro ya sa na tsallake abin da ni na tsara. Na zare allurar na ce ya sake iskar ya tsaya. Ya saki jakar. Ina kallo ƙodar ta hau a hankali ta tsaya cak. Na mai da allurar ta wurin da zaren ya nuna, sai na ji ƙaras a yatsuna, ƙarfe ya gamu da dutse. Na tsaga daidai faɗin babban yatsa, na sa abin kamu, ya fito da ƙahonsa, ja-ja, kamar ƙwallon magarya da ya yi toho. Jinin da ya zuba bai kai abin faɗa ba.

Ciro dutse rabin aiki ne. Aka mai da shi gado da roba a jiki, na sa kujera na zauna ina kallon kwalbar da ke ƙarƙashin gadon. Azahar ta yi, kwalba a bushe. Na yi salla na dawo, a bushe. Sai wajen la'asar ɗigo ya fara sauka, ja kamar zoborodo, ya ƙaru, ya fara washewa. Uwarku ta shigo da kwano, ta durƙusa ta leƙa, ta rufe baki da mayafi.

"Ban taɓa sanin zan yi murnar ganin hitsarin mutum ba," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba.

Bayan nan an sha fama. Wurin ya yi yoyo, zazzaɓi ya dawo, na yi ta canza roba ina wanke ciwo, abin da ba wanda zai yi da na tafi. Azumi ya kama yana kwance. Wata ranar Asabar da rana ina duba ɗinkin, sai rediyon wani majinyaci ya ɗauke, kiɗan soja ya shigo. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Ba a jima ba ƙasashen da ke taimakonmu suka ce sun dakatar da komai. Na buga waya Yamai, jami'in da ke kula da bursun ya ce mini cikin ladabi a jira abubuwa su daidaita. Da suka daidaita an ba wani gurbin, da na sake nema aka ce shekaruna sun wuce. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ciwo ba. Na ji, sosai. Na daɗe in na ga jirgi ya gifta sama sai in kau da kai, kuma da yaran da na koya wa riƙon wuƙa suka fara dawowa daga waje suna yi mini bayanin sababbin na'urori, sai na yi da gaske nake sakin fuska. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Asirin bai wuce damina ba. A wurin wani suna Alhaji ya saki maganar, ba da mugun nufi ba, yabona yake yi a gaban mutane, bai lura Yaya yana zaune a bayansa ba. Washegari da hantsi sai ga Yaya a ƙofar gidanmu na unguwar Zariya, ya tako daga Jiratawa da ƙafa, laka har gwiwa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya zauna a tabarma ya kwance wani tsumma, ga dutsen, ashe ya karɓe shi wurin Majo Garba ya adana. Ya tura shi gabana, ya ɗaga riga ya nuna tabon aikina.

"Ga shi. Buɗe ka maida shi inda kaɗ ɗauko, ka tahi karatunka."

Na so in mai da abin wasa na ce, Yaya, ai jirgin ya daɗe da tashi. Bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Mutumin da ban ga hawayensa ba ranar da aka binne mahaifinmu, ga shi yana kuka a zaurena kamar yaro.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba, Salu? Da na shiga motar."

"Shi ya sa, Yaya."

Uwarku ta kawo fura, bai sha ba. Ya tashi ya tafi, ya bar dutsen a tabarma.

Allah ya ja kwanansa da ƙodar nan guda. Ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki, ya je Makka, albasarsa kuka ci kuka girma. Sai dai daga ranar nan wani abu ya fita tsakaninmu da ban iya mayarwa ba, kuma shi ne ainihin abin da shekarar ta ci mini, ba Faransa ba. Yaya ya daina tsokanata. Ya daina yi mini faɗa, ya daina aikena. In na je gonarsa a Jiratawa, yana hango ni sai ya ajiye fartanya, ya goge hannu a riga, ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Likita." Na roƙe shi ya bari, na yi fushi, na haɗa shi da Allah. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai bari ba.